Abin da Ya Kai Safara'u Gidajen Kwan Yin

Safara'u ba mai yawan magana ba ce. Shi ya sa lokacin da zancenta ya cika Misfala, unguwarmu a Makka, dab da hajjin 1967, ba wanda ya ji komai daga bakinta. Ni Ramlatu bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nata, amma sai da aka shekara uku sannan ta zaunar da ni ta ba ni labarin tun daga tushe.

A wani ƙauye kusa da Azare aka haife ta. Tana da shekara shida iyayenta suka kama hanyar hajji da ƙafa, suka ratsa Chadi, suka yada zango a Sudan suna tsinkar auduga har shekara biyar. Can uban ya rasu. Uwar ce ta ƙetaro teku da ita da ƙaninta Mukhtaru a jirgin katako, suka ƙaraso Makka ƙafafu a kumbure. Safara'u ta girma a Misfala, ta auri wani mai kai ruwa gidaje ana ce masa Tsoho. Haihuwarta uku, ba wanda ya kai yaye. Da Tsoho ya rasu sai ta kama aiki a gidan Shaihu Idris a unguwar Shamiyya.

Shaihu Idris muɗawwifi ne, wato mai karɓar alhazai ya ba su masauki ya yi musu jagora. Alhazansa mutanen Malesiya ne. Safara'u ce mai tukunya. A Mina takan dafa wa mutum ɗari biyu shinkafa, ba ƙauri ba caɓewa. Doguwa ce ƙwarai, baƙa, ko a taron Arfa ana hango ta. Takardar zamanta, ikama, da sunan Shaihu aka yi ta.

Matar gidan, Sitti Zahara, daga tsibirin Finang na Malesiya aka kawo ta amarya tana 'yar shekara goma sha bakwai, ba ta jin Larabci sai na salla. Safara'u ce ta koya mata cefane da gaisuwar surukai, ita ce kuma ta riƙe ta a haihuwar 'ya'yanta huɗu. Zahara na kiran ta Dada, kamar yadda 'ya'yan Makka ke kiran mai renonsu.

A watan Rajab na 1966 Shaihu ya shirya zuwa Finang don ya tara alhazan shekarar. Zahara ta roƙe shi ya tafi da ita ta ziyarci kabarin mahaifiyarta, wadda ba ta daɗe da rasuwa ba. Ya yarda, ya ce Safara'u ta raka ta, yara kuma a bar su wajen kakarsu.

Kwana biyar da shiga jirgin ruwa, suna zaune su biyu da hantsi suna tsince shinkafa, Zahara ta zaro wata wasiƙa daga cikin rigarta.

"Dada, zan faɗa miki magana, amma sai kin rantse."

"Ban saba rantsuwa ba, Sitti. Faɗi kawai, ba za ta fita ba."

Wasiƙar daga matar da ta rene ta ce, ta sa aka rubuta kafin ta cika. A ciki ta ce ba ita ta haifi Zahara ba. Lokacin yaƙin Jafan, da yunwa ta tsananta, wata 'yar Sin da aka kashe wa miji ta kawo yarinya 'yar shekara uku ta miƙa mata, ta juya ta tafi. Sunan matar Liyan. Hannunta na hagu yatsu uku ne, injin masana'anta ya cinye biyu. An ce daga baya ta shiga cikin matan da ke barin harkar duniya su tare a gidajen bautar Kwan Yin.

"Wane ne Kwan Yin?" in ji Safara'u.

"Siffar mace suke yi mata. Mabiya addinin Buda na cewa ita ce mai tausayi, mai jin kukan kowa."

"Gunki ke nan."

"Gunki ne. Amma uwata na can, in tana da rai."

Safara'u ta ajiye faifan shinkafa. Nan take ta ga inda nauyin maganar yake. Wanda ya ba da auren Zahara da sunan uba, ashe ba ubanta ba ne. In dangin Shaihu suka ji, akwai masu cewa auren ma sai an sake duba shi, ga 'ya'ya huɗu a tsakani.

"Sidi maigida ya sani?"

"Ba wanda ya sani sai ke."

A Finang suka sauka a wani gida kusa da masallacin da alhazai ke taruwa kafin su hau jirgi. Shaihu kan fita da safe, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Zahara ta ce masa za ta riƙa zaga dangi. Sun je kabarin, sun gaida dangi kwana biyu, a na uku suka fara abin da ya kawo su.

Gidan bautar na farko bai fi tafiyar minti goma daga masallacin ba. Tun daga bakin titi hayaƙin turaren tsinke ya tarye su. Zahara ta ja gyale ta rufe rabin fuska, ta tsallake dokin ƙofa ta shige. Safara'u ta tsaya. Tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya take Makka, gunki a ƙissar Annabi Ibrahimu kawai ta san shi. Sai ta ga Zahara ta waiwayo daga cikin hayaƙin tana neman ta da ido. Ta yi a'uziyya, ta ce a ranta, "Allah, ka ga abin da ya kawo ni," ta ɗaga ƙafa ta shiga.

Ta zaci za ta ga haƙora a waje da jajayen idanu. Abin da ta gani wata 'yar siffa ce a zaune can ƙurya, an yafa mata siliki, hayaƙin shekaru ya baƙanta fuskar, idanun a sunkuye kamar na mai duba jariri a cinya. Mata na durƙushe a gabanta, wasu na girgiza gwangwanin gora cike da tsinkaye. Ɗaya bayan ɗaya suka daina abin da suke yi suka zuba wa Safara'u ido. Wata tsohuwa har ta matso ta shafa bayan hannunta ta duba yatsanta.

Zahara ta tambayi mai tsaron wurin da yaren Malesiya. Ya ce masu suna Liyan sun fi a ƙirga, mai yatsu uku kuwa bai san ta ba. Ya ce su hau babban gidan da ke kan dutse a bayan gari, matan can sun san juna.

Da suka fito Safara'u ta ce, "Sitti, ke kin rufe fuska kin ɓace cikin mutane. Ni fa? Garin nan kaf ba mai tsawona da launina. Duk wanda ya gan ni ya san gidan da na fito."

"To ki zauna, in tafi ni kaɗai."

"Ba za ki tafi ke kaɗai ba."

Suna komawa ta wanke tufafinsu duka, don ƙamshin turaren ya kama su. Shaihu ya dawo ya tarar da shanya a ranar da ba ta wanki ba, ya duba, ya wuce.

Washegari suka hau bas zuwa gindin dutsen. Matakala ce mai tsawo, gefe da gefe masu sayar da turare da furanni, a tsakiya wani kududdufi cike da kunkuraye suna hawan juna. Ruwan sama ya kama su a hanya. Suka isa sama a jiƙe, Safara'u na haki, suka riƙa shiga ɗaki suna fita ɗaki, kowanne da nasa siffofin, wasu sun ninka mutum uku a tsawo. A wani zaure suka tarar da Kwan Yin a tsaye da hannuwa masu yawa, sun bazu ta kowane gefe, a kowane tafi an zana ido. Safara'u ta sunkuyar da kai, tana ta jan hailala a ƙasan maƙoshi.

Wata mata mai askakken kai, cikin riga ruwan toka, tana share wurin. Ta lura da yadda baƙuwar ke kauda kai, sai ta yi magana a hankali. Zahara ta fassara: wai hannuwan don ta kai ga duk mai kira ne, idanun kuma don kada ta tsallake kowa.

A ranta Safara'u ta ce Mai Rahama ba ya buƙatar hannun katako. Amma a gindin siffar akwai wata yarinyar mata durƙushe da jariri a hannu, jaririn ya rame har wuya ba ya riƙe kai, uwar na kuka ba sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Safara'u ta san wannan kukan. Sau uku ta yi irinsa a jikin Ka'aba. Ta daɗe tana kallon bayan yarinyar, ta roƙa wa jaririn sauƙi wajen Allah.

Mai sharar ta san mace mai yatsu uku. Ta ce ta taɓa zama nan tana dafa abinci, amma ta koma ɗaya daga cikin ƙananan gidajen mata da ke cikin gari. Ta kwatanta musu guda biyu, ba ta tabbatar da wanne ba.

A gindin dutsen, wajen jiran bas, suka ji an yi sallama da Larabci. Haji Dawud ne, dillalin alhazai da ke yi wa wani muɗawwifin aiki, ya sha zuwa gidan Shaihu a Makka. Zahara ta juya baya ta shige cikin wasu mata masu laima.

"Dada ta gidan Shaihu Idris? Me ya kawo ki nan?"

"Shan iska, Haji."

Ya dubi matakalar da ta sauko, ya dubi tokar turare a gefen zanenta. Ya ce, "Ɗayyib," wato to da kyau, ya yi murmushi, ya wuce.

A bas Zahara ta ce su haƙura haka nan. Safara'u ta ce, "Wanda zai gan mu ya riga ya gan mu. In muka tsaya yanzu, mun ɗauki laifin ba mu ga uwar ba."

Lokaci kuma ya ƙure, don Shaihu ya ce ranar Asabar za su ƙetare zuwa ƙauyuka, sai an ga watan azumi za su dawo. Ranar Laraba suka je gida na farko da aka kwatanta. Wata mata ta leƙo ta tagar ƙofa, ta ga lulluɓinsu, ta rufe. Suka yi ta ƙwanƙwasawa ba a sake buɗewa ba.

Ranar Alhamis suka nemi na biyun, a wani lungu bayan kasuwar kifi. Gida ne ƙarami, tsofaffin mata shida ke ciki. A zauren akwai farar siffar Kwan Yin ta tangaran, riƙe da ɗan tulu, da lemo uku a faranti a gabanta. Wata tsohuwa 'yar firit na zaune a ƙasa tana gyaran wake. Safara'u ce ta fara ganin hannun. Ta taɓa Zahara da gwiwar hannu.

Zahara ta durƙusa ta yaye gyalenta. Ta faɗi sunan matar da ta rene ta da sunan ƙauyen. Tsohuwar ta goge hannu a cinya, ta kama kan Zahara ta juya shi, ta lanƙwasa kunnen dama ta duba bayansa. Akwai wani baƙin tabo a wurin wanda ko Zahara ba ta san da shi ba, Safara'u kuwa ta sha gani wajen kitso. Tsohuwar ta saki kunnen, ta kira wani suna da ba Zahara ba, ta sake kira, sai kwanon waken ya kife.

Maganarsu ba ta yi yawa ba, don tsohuwar ba ta jin yaren Malesiya sosai. Ta tambayi jikoki, aka nuna mata yatsu huɗu. Ta tambaya ko mijin na dukan ta, Zahara ta ce a'a. Ta tambaya ko tana ƙoshi. Sannan ta nuna Safara'u. Zahara ta ce, "Ita ce uwata a can." Tsohuwar ta tashi ta haɗa tafukanta ta sunkuya wa Safara'u har sau uku, Safara'u ta rasa inda za ta sa kanta.

Aka kawo shinkafa da ganye. Da tsohuwar ta ga sun yi jim, sai ta ɗauko tukunyar ta nuna musu cikinta, ta ce nama kowane iri bai taɓa shiga gidan nan ba. Suka ci. Azahar ta yi, Safara'u ta fara duba rana ta taga. Ba wanda ya roƙi tsohuwar, ita da kanta ta kai su ɗakin baya, ta cire wani hoto daga bango ta fita da shi, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo ruwa a buta. Suka yi salla tana zaune a bakin ƙofa.

Da za su tafi ta zaro wani abu daga aljihu ta danƙa wa Zahara. Siffar Kwan Yin ce ta katako, ba ta fi babban yatsa ba, ta yi sulɓi don shafa. Ta ce tun ranar da ta ba da 'yarta take roƙo a gabanta kullum, yanzu an amsa mata, ba ta da abin da za ta ba ta sai wannan. Zahara ta tsaya da abu a tafi, ta kasa mayarwa, ta kasa rufe hannu. Safara'u ta karɓe shi ta ƙulle a gefen zane.

Bayan ƙaramar salla suka hau jirgin dawowa tare da alhazai. Abin na nan a ƙasan akwatin Safara'u, kuma ya hana ta sakat. Ta ce wa Zahara, "Sitti, wannan ba zai shiga Makka ba. Ko masu binciken kaya a Jidda ba su gani ba, ni ba zan tsallake iyakar Harami da shi ba."

"Kada ki jefa a teku, Dada. Abin uwata ne."

Kullum sai ta ce gobe. Har aka fara hango duwatsun Hijaz. Ma'aikatan jirgin kuwa yawancinsu 'yan Sin ne, kuma akwai wani dattijo mai dafa abinci da Safara'u ke karɓar ruwan zafi wurinsa. Ranar ƙarshe ta kai masa ƙullin ta kwance a gabansa. Ya dube ta, ya dubi abin, ya goge hannuwansa, ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a goshi. Da Safara'u ta gaya mata, sai Zahara ta yi kuka, ta wuni ba ta yi mata magana ba. A Jidda an zazzage akwatunansu har ƙasa.

Wata guda bai cika ba magana ta taso. Haji Dawud ya iso da nasa alhazan, ya fara faɗa a shagunan shayi cewa mai dafa wa alhazan Shaihu Idris abinci tana bin gidajen gumaka, shi ganau ne. Kafin zancen ya gangaro Misfala ya ƙara kiɓa. Wasu suka ce ta yi sujada, wasu suka ce asiri ta je nema don ta mallake gidan, har da masu cewa tana barbaɗa tokar gunki a abinci. Mata suka daina aika mata kwano. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na rage shiga ɗakinta.

Mukhtaru, wanda ke sayar da tasbaha da kwalli a bakin titi, ya zo ya same ta.

"Yaya, ki ce ƙarya ne in je in kama bakin mutane."

"Ba duka ne ƙarya ba."

"Kin shiga?"

"Na shiga."

"Don me?"

Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Ya zauna ya riƙe kai. Ya ce ta tuna 'ya'yansa mata biyu sun isa aure, ta tuna su baƙi ne a ƙasar nan, magana irin wannan in ta kai kunnen hukuma ba a tsayawa tambaya. Ta ce ta tuna.

Alhazan Shaihu goma sha biyu suka ƙi cin abincin gidan. Ranar wata Litinin bayan la'asar ya aika a kira Mukhtaru, ya zaunar da shi da Safara'u a majalisinsa, wato ɗakin baƙi, ya rufe ƙofar waje. Ta cikin gida kuwa labule ne kawai.

"Ya Dada, shekara goma sha biyar kina gidan nan, ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Gida nawa kika shiga?"

"Uku, Sidi. Na huɗu ba a buɗe ba."

"Kin durƙusa?"

"Goshina bai taɓa ƙasa don wanin Allah ba."

"Kin shigo da wani abu garin nan?"

"Ban shigo da komai ba. Ga akwatina can, a duba."

"To me kika je yi?"

Ta yi shiru. Ta ce mini a lokacin ta lura da abu ɗaya: bai tambaye ta ita da wa ta je ba. Ya san ba ta jin yaren garin, ya san ba ta san hanya ba, ya ga shanyar nan da idonsa. Tsoron amsar yake yi. In ta ci gaba da shiru, gidansa ya tsira, ita ce kawai za ta tafi.

Ya sake tambaya, ta sake yin shiru. Mukhtaru ya ce da Hausa, "Yaya, don girman Allah ki yi magana." Ba ta dube shi ba.

Shaihu ya juya zoben hannunsa ya ce, ba tare da ya ɗaga ido ba, "Ikamarki za ta ƙare a Muharram. Ba zan sabunta ba. Zan sa a ba ki wuri a jirgin alhazan Najeriya."

Shekara arba'in da wani abu rabon ta da ƙasar. Ba ta san kowa a can ba, ko sunan ƙauyen sai ta yi tunani. Uwarta da mijinta da 'ya'yanta uku duk a maƙabartar Makka suke. Ta ce, "Yadda ka gani, Sidi," ta dafa ƙasa za ta tashi.

Sai labule ya motsa. Zahara ta shigo ba ko niƙabi, ga Mukhtaru a zaune, abin da ba ta taɓa yi ba. Wasiƙar na hannunta.

"Ni na kai ta. Uwata na je nema, na kuma same ta. Dada ta hana ni tafiya ni kaɗai ne kawai."

Ta ajiye wasiƙar a gabansa. Ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Daga ƙarshe ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce wa Mukhtaru, "Abin da ka ji a ɗakin nan amana ne." Ya tashi ya fita.

Sati uku bai yi wa matarsa magana ba. Zahara ta haɗa kayanta a akwati tana jiran saki. Bayan an sauko daga Mina ya tafi wajen wani malami da ya yarda da shi, ya kwashe komai ya faɗa masa. Malamin ya ce 'ya'ya nasa ne ba shakka, tun da ba wanda ya san gaskiyar lokacin, amma a sabunta ɗaurin auren don hankali ya kwanta. Aka yi a gaban alƙali da shaidu biyu, ba taro. Ɗaya daga cikin shaidun Mukhtaru ne.

An sabunta ikamar Safara'u, amma hajjin shekarar ba ita ta yi girki ba. Shaihu ba zai iya wanke ta a bainar jama'a ba sai ya tona matarsa, kuma bai shirya ba. Ta koma toya waina a ƙofar ɗakinta. Kwanakin farko yawancinta sai ta rabar, don ba masu saye.

A watan Safar aka yi sunan jikata a gidanmu. Mata sun cika tsakar gida sai ga Sitti Zahara, ita kaɗai, ta ratsa ta zauna kusa da Safara'u, inda aka bar fili ba wanda ya zauna. Da Larabcinta mai karyayyen harshe ta faɗa wa matan cewa ita 'yar Sin ce aka rena a Musulunci, uwarta na gidan bauta a Finang, kuma don ita Dada ta shiga inda ta shiga. Ta ce mijinta ya san ta zo. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata ta ce ko don uwa ne bai kamata ba, wata ta ce mata ta je ta tambayi malamai hakkin uwa ko da ba Musulma ba ce. Aka yi ta musu har abinci ya huce. Ni dai da yamma na ɗauki kwanona na shiga ɗakinta na ba ta haƙuri.

Dangin Shaihu sun yi fushi, ƙanwarsa ta shekara ba ta taka gidan ba. Wasu alhazan sun koma wajen wani muɗawwifin, wasu sun dawo. A hajjin 1968 Safara'u ta koma kan tukunyarta a Mina. Duk shekara in alhazai za su koma, Zahara kan ba wata amintacciyar Hajiya dabino da hoton yara ta kai lungun bayan kasuwar kifi. Sau biyu saƙo ya dawo, busasshen lemo da ganyen shayi. A shekara ta uku Hajiyar ta dawo da labarin cewa tsohuwar ta rasu.

Safara'u ta yi girki har gwiwoyinta suka gaza, sannan ta koma unguwar Tandabawi gidan Mukhtaru, wanda ya aurar da 'ya'yansa duka biyu. Har ta bar Misfala akwai mata biyu ko uku da ba sa cin wainarta, ba ta kuma taɓa fasa gaishe su ba. Ta rasu a watan Sha'aban bayan jinyar kwana tara. Ni da Zahara muka yi mata wanka, aka sallace ta a Harami bayan azahar.